Gemun Auta

"To a fasa hoton mana. Gemun nawa ne ko na asibiti?"

Auta ke nan, ƙanena, mai aski, yake yi wa 'yarsa faɗa da muryar da ciwo ya riga ya cinye rabinta. Malama kuwa, haka muke kiranta don tana koyarwa, tana tsaye da almakashi, idanu sun yi jawur. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa, amma kunnena duk yana wajensu.

Ciwon daji likita ya gano a maƙogwaronsa. Za a riƙa ƙona ciwon da hasken inji, amma sai an fara ɗaukar wani hoto gobe da safe, don a san daidai inda za a haska. Kafin hoton za a jiƙa wata roba mai huji-huji kamar raga a ruwan ɗumi, a shimfiɗa masa a fuska har ta sandare ta ɗauki siffarsa. Da ita za a riƙa danne kansa a gado kullum don kada ya motsa. Nas ta ce dole gemu ya tafi, in ba haka ba robar ba za ta zauna ba, hasken ya je ya taɓa inda babu ciwo.

Ni na raka shi asibiti ranar da aka yi masa wannan bayani. Wata mata a layi ta ba ni labarin yadda aka ɗaure mijinta kamar kifi a koma, kuma ban ga dalilin riƙe labari mai kyau haka ni kaɗai ba. Malama ta ce bakina ne ya firgita shi. Na ce ubanta tun yana yaro in ya ga kyankyaso sai ya hau bayana.

Malama ta yi lallashi, ta yi kuka, ta ce in aka rasa goben nan sai an sake bin layi, ciwon kuma ba jira yake ba. Ya ce mutumin da ya aske rabin unguwa ba zai zauna mace ta sa masa almakashi ba. Amma na lura hannunsa bai bar ƙarƙashin haɓarsa ba, yana ta danne gemun a wuya.

Na ajiye faranti, na ce ta ba ni almakashin in adana kafin a ji wa wani ciwo. Na zagaya ta bayansa kamar zan shiga kicin, na damƙi ɓangaren hagu na gemun, ƙarat.

Dariya na shirya yi. Ba ta fito ba.

Ashe gemun kumburi yake ɓoyewa a wuya, ya kai ƙwan agwagwa, fatar ta yi sheƙi ta ɗaure tamau. Kullum tare muke cin abinci, ban taɓa gani ba. Malama ta toshe baki da gyale.

"Yaya," ya ce a hankali, "kin gani ke nan."

"Na gani."

"Ni ban gani ba. Tun da ya fara na daina kallon madubi, a shago ma kan mutane kawai nake kallo. In na kwanta suka rufe min fuska da abin nan, ya zan yi numfashi? Ko yanzu da ƙyar yake wucewa."

Malama ta ce robar huji gare ta ko'ina, kuma an ce in ya ɗaga hannu za su tsaya. Na ce ni ma zan zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya shaƙe min ƙane sai asibitin nan ya san da zamana.

Ya tashi ya tsaya gaban madubin bango. Ya daɗe. Muna jin numfashinsa yana fita da ƙara, har na fara tunanin na kashe maganar goben gaba ɗaya. Ya shafa inda na yanka, gefe guda jeji, gefe guda fili.

"Wannan aski ne ko ɓarnar akuya?"

Ya fizge almakashin daga hannuna, ya zaro makullin shago daga ƙusa. Malama ta tambaye shi ina za shi.

"In gyara abin da gwaggonki ta ɓata. Ki tashe ni da wuri. Kuma kada wadda ta biyo ni."

Ya fita ya bugo ƙofa, har madubin ya karkace.