Ƙafar Kofur

Nakiya ce ta cinye mini hannun hagu da jin kunnuwa biyu a bakin tafkin Chadi, ina soja, shekara tara ke nan. Tun daga ranar, bakin mutane nake kallo in gane abin da suke faɗa, kuma mutane da yawa girmansu ya zube a idona ta haka.

Gadi nake a wata gonar dabino a Al-Awali, can ƙasar Larabawa. Kurma ba ya gadi, kowa ya sani, amma ina da Kofur. Jan kare ne, na tsince shi yana ɗan kwikwiyo a bayan katanga, na hore shi yadda aka hore mu a bariki. In an buga ƙofa, ya dungure ni da hanci a gwiwa. In injin ban-ruwa ya tsaya, ya ja ni can. Shekara huɗu shi ne kunnena. Sauran ma'aikata kuwa in ya gifta sai kowa ya tattare riga, har Mu'azzam direba, mutumin da ban taɓa ganin ya wanke hannu kafin ya tsoma a tiren shinkafa ba.

Ranar wata Talata da hantsi ina duƙe ina gyaran tiyo, Mu'azzam ya yo baya da motar ɗaukar dabino, idonsa na kan waya. Daga baya ya rantse ya danna ham. Ya danna wa kurma. Kofur ya banke ni na faɗa cikin ramin ruwa, taya ta bi ta kan ƙafarsa ta baya. Na ga bakinsa a wangale, na san kuka yake, ban ji ba. Ko a filin daga, gabana bai taɓa faɗuwa haka ba.

Mutum biyar suka kewaye ni suna kakkaɓe mini riga, kowane baki na cewa alhamdu lillahi. Ba wanda ya dubi ƙasa.

"Ku kama mini shi mu sa a mota," na ce, don hannu ɗaya ba ya ɗaga kare mai karaya.

Mu'azzam ya ja baya. "Ya ammi, mushkila ce. Sayyarar nan motar dabino ce, abin da mutane za su ci."

Malam Ashafa, wakilin mai gona, ya gyara tsayuwa ya shiga bayanin wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Har yatsu ya ɗaga mini ko ban gane ba. Ya kai yatsa na biyar jini ya kusa takalminsa, sai ya matsa gefe ya ƙarasa. Na taɓa ganin matsorata, amma waɗancan aƙalla harsashi suke gudu.

Na tuɓe rigata na shimfiɗa, na mirgina Kofur a kai, na ja da hannu da haƙori har cikin baro. Na ɗaure hannun baro na hagu da igiya na rataya a wuya, na tura har bakin titi. Wani Basudane mai kai ciyawar tumaki ya tsaya, ya ɗauke shi cak bai tambaye ni komai ba. A asibitin dabbobi likita ya rubuta mini a takarda cewa ƙafar sai an yanke, amma zai rayu. Na zauna a dakali na yi kukan da ban yi wa hannuna ba.

Bayan kwana shida na dawo da shi. Malam Ashafa na jira a ƙofa, Mu'azzam a bayansa.

"Malam Idrisa, ka san hukunci," ya ce a hankali, yana buɗe baki sosai kamar mai ba jariri kunu. "Kare ya halatta ne lil-hirasa, don gadi. Wanda ba ya iya gudu, ajiye shi ragin lada ne kullum. Ka kai shi bayan gari, khalas, a samo maka lafiyayye."

"Shi ƙafa ɗaya ya rasa," na ce. "Ni hannu na rasa da kunne biyu. Ni ina za a kai ni?"

Malam Ashafa ya juya wajen Mu'azzam, ya kare baki da tafin hannu, suka yi ta magana. Sun san ta nan kaɗai nake ji.

Ban jira sun gama ba. Na tura baro har ɗakina, na kwantar da Kofur a kan tabarmata, na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"Ga shi nan, ban kulle ba. Duk mai son fitar da shi, ya shiga ya ɗauke shi da hannunsa."

Yau wata biyu, ba wanda ya shiga.