Mai Riƙe wa Tsoho Buta

Shayin da aka ajiye wa Malama Lubabatu ya huce ba ta kurɓa ba. Tun da ta fara shiga gidan Alhaji Abdulghaffar tana koyar da jikarsa Rabi'a, ba a taɓa kiranta falon baƙi ba sai yau. Othman kuwa, babban ɗan gidan, wanda shi ne kafilinta, mai tsaya mata a takardun zama a ƙasar, ba mutum ne mai ba da shayi a banza ba.

"Ustaza," ya ce da Turancinsa mai ƙamshin Larabci, "me kika koya wa 'yata shekaranjiya?"

Nan take ta gane inda aka dosa. Rabi'a tana shirin jarrabawar Ingila, darasin tarihi kuma ya kawo su fadar Sarki Henry na Takwas. Yarinyar ta gaji da sunayen matan sarki har ta fara hamma, shi ne Lubabatu ta ɗauko abin da zai wartsake ta. Ta ba ta labarin wani muƙami a fadar, na mutumin da ke raka sarki bayan gida, ya miƙa masa ruwa da tsumma. Manyan gidajen ƙasar, masu gonaki da barori, kamar su cinye juna don ɗansu ya samu wannan aiki, domin shi kaɗai ke keɓewa da sarki. Abin da ya raɗa a can, shi za a ji a majalisa. Rabi'a ta yi dariya har da hawaye. Ashe ba ta bar dariyar a ɗakin karatu ba, sai da ta kai ta wajen cin abinci, ta ce, "To ai Badaru ne sarkin gidan nan!"

Badaru mutumin Malumfashi ne, ya zo Umara tun da ƙuruciya ya maƙale, ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Tun da ɓarin jikin Alhaji ya shanye, shi ke ɗaga shi, ya yi masa tsarki, ya yi masa alwala. 'Ya'yan tsohon biyu, Othman da ƙanensa Hadi, gaisuwa ce kawai ke kai su ɗakin, ita ma a tsaitsaye, amma kowannensu idonsa na kan sitocin kaya da ke tashar jiragen ruwa. Kwanan nan tsohon ya miƙa wa Hadi makullan babban sito, ba wanda ya san dalili. Yanzu Othman ya samu dalili, daga bakin yarinya.

"Tarihi ne kawai, ranka ya daɗe," ta ce. "Mutanen nan sun daɗe da zama ƙasa."

"Tarihi." Ya juya carbinsa a yatsa. "Ke da Badaru yarenku ɗaya. Cikin duk abin da ke littafin, me ya sa wannan kika zaɓa? Gargaɗi kike yi mini, ko izgili?"

Ta rasa wadda za ta kama. In ta ce gargaɗi, ta kashe Badaru. In ta ce izgili, ta kashe kanta.

"Bar wannan," ya ce. "Tambaya ɗaya. Kin taɓa jin ya gyara wa wani magana a wurin babana?"

Ai ita ce wanin. Lokacin da kwantiraginta na makaranta ya ƙare, tana shirin tattara kaya, a wani taron suna a unguwar Hindawiyya Badaru ya ce mata, "Kwantar da hankalinki, Malama, zan taɓa wa tsoho." Sati bai zagayo ba aka kira ta koyarwa a gidan nan. Ta saci kallon fuskar Othman don ta gane ko ya sani, amma fuskar ba ta faɗi komai ba. Sai kuma wani tunani ya soma ratsa ta. Wanda ya iya yi mata, me zai hana ya yi wa Hadi? Ta tuno sabon agogon da ta gani a hannun Badaru. Ta tuno ranar da motar Hadi ta sauke shi a bakin layi maimakon ƙofar gida. Gaskiya ita ce, ta ji daɗin zuwan zargin, don ya sauƙaƙa mata abin da take shirin yi.

"Gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu," ta ce. "Abin da yake faɗa a ɗakin, Allah masani."

"Halas, shi ke nan," in ji Othman, ya miƙe.

Ranar da ta dawo darasi, ta tarar da Badaru a ƙofar baya, rana na dukansa, jaka ɗaya a gabansa. Direban gidan ya riga ya ba ta labari a hanya. An ce ya fita kafin azahar, ko a kira masa jawazat, jami'an shige da fice. Othman ya kawo wanda zai maye gurbinsa, Hadi ya rantse mutumin ba zai shiga ɗakin ba. Hadi ya kawo nasa, Othman ya kore shi. Tun safe tsohon na kwance yadda ya kwana, daga saman benen kuwa ana jiyo shi yana kira da harshen da ya karye.

"Sannu da zuwa, Malama," Badaru ya ce.

"Ina za ka nufa?"

"Hindawiyya tukuna. Daga can sai abin da Allah ya yi." Ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakin tsohon. "Ruwan sai an sirka masa. In da sanyi, jikinsa ƙamewa yake yi. Na faɗa musu, ba mai saurare."

Da ta yi shiru da ya fi mata, amma abin ya ƙi barin ta.

"Badaru, tsakani da Allah. Maganar makullan nan, da hannunka?"

Ya juyo ya dube ta.

"Ke ma, Malama?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kunya ta rufe ta, zargin kuma bai tafi ba. Ya sunkuya ya saɓa jakarsa, har ya taka, sai ya juyo.

"An ce labarin wani sarkin Turawa kika bayar, mai ɗan rakiya irina. Shi wancan, yaya ya ƙare?"

Ta sani sarai. Wanda ya fi suna cikinsu, manyan fada ne suka ƙulla masa zargi, aka sare kansa a bainar jama'a, sarkin da ya yi wa hidima bai ce uffan ba.

"Lafiya ya ƙare," ta ce. "Tsufa ya yi a gidansa."

"To, alhamdulillahi," in ji Badaru.

Ya bi gefen katanga inda ɗan inuwa take, yana waiwayen motocin da ke wucewa. Ita kuwa ta gyara abayarta ta shiga, Rabi'a tana jiran ta da littafi a buɗe.