Dutse Mai Kaushi

Mai dutse ya kwara ruwan buta a kan fale-falen duwatsu uku da ya jera a ƙasa, nan take kowanne ya sake launi. Mai ruwan madarar ya koma kamar zuma, mai ruwan tokar ya yi duhu, jan ya ƙara ja.

"Haka ake zaɓen dutsen yashi, Iya," in ji shi. "A jiƙe. In ya bushe ƙarya yake yi."

Iya tana zaune kan bulo, ƙafafunta sun kumbura. Tun hantsi Auta, ɗanta na ƙarshe, yake yawo da ita wurin masu dutse, wai zai daɓe mata tsakar gida. Mutumin da ko ƙwan fitila bai taɓa sauya mata ba. Tana sane da hakan.

Ta zare takalmi, ta ɗora ƙafa kan mai ruwan madarar, wanda aka goge ya yi sumul. Ƙafar ta zame. Ta mai da ita kan jan, mai kaushi. Ya riƙe ta gam.

"Wannan," ta ce.

Auta ya ce, "Haba Iya, wannan ai bayan kada ne. Dubi wancan yadda yake ɗaukar ido."

"Ido ne zai taka shi? Ni ce mai zuwa famfo da asuba. A kan siminti mai santsi mahaifinka ya faɗi, kana can kana ce mana gobe za ka zo."

Mai dutse ya so ya raba gardama. "Yallaɓai ma da gaskiyarsa, Iya. Mai hasken yana sa gida ya yi faɗi a hoto. Duk wanda ya zo dubawa..."

Auta ya watsa masa harara. Mai dutse ya haɗiye sauran maganar.

"Wa zai zo duba gidana?"

"Babu kowa, Iya. Surutunsa ne kawai."

Sai ta tuna wani mai tabarau da Auta ya kawo kwanan baya, wai abokinsa, yana ta ƙwanƙwasa bango. Ta tuna ɗakin da surukarta ta gyara mata a can gidansu, wai don ta riƙa zuwa hutawa. Ashe sayar da gidanta ake shirin yi.

"To," ta ce, "in ni zan taka, a loda jan."

Auta ya juya makullin mota a hannu, ya dubi ƙasa. Can ya ce wa mai dutse, murya ƙasa-ƙasa, "Loda mai madarar."

Iya ba ta yi musu ba. Ƙarfin musun ma babu. Ta lalubo takalminta ta sa.

"Ɗan nan," ta ce wa mai dutse, "ɗora min ja guda ɗaya a kan lodin."

"Guda ɗaya me zai yi miki, Iya?" in ji Auta.

"A ƙofar ɗakina za a kafa shi. A zuba siminti da yawa. Masu dubawa in sun zo, a kansa za su same ni zaune."

Ta miƙa wa Auta hannu don ya tashe ta. Ya kama, bai yarda sun haɗa ido ba.