Ranar da Baba Ziblim Bai Yi Tofi Ba

Mura ta bi unguwar Nyanshegu gida-gida da daminar nan, amma wa zai fasa zuwa suna don mura? Tun hantsi babura suka cika ƙofar gida, mata na kwasar tuwon zafi, rabin jama'a kuwa na sharar hanci da gefen mayafi.

Mansuratu na ɗaki rungume da 'yarta Kausara, bakwaini, wadda sai da ta yi wata guda a asibiti, shi ya sa taron ya kai yau. Nas ta ja mata kunne cewa murar da babba zai sha shayi ya watsake, irin wannan jaririya ƙirji take sauka mata. Ba sai an faɗa mata ba ma. Shekara biyu ke nan da mura ta ɗauke mata ɗanta Yazeed yana wata huɗu.

Al'adar gidan ce, duk jaririn da aka haifa sai an miƙa wa Baba Ziblim, yayan surukinta, ya yi addu'a ya tofa masa a ka. Ga shi kuwa ya iso, hannu biyu a miƙe, tari na jijjiga shi kamar tsohon injin niƙa. Mansuratu ta miƙe ta tare ƙofa.

"Kawo yarinya, 'yata," in ji tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri. Yau ba zan ba ka ita ba."

Surukarta, Mma Ashetu, ta dafe ƙirji. "Mansuratu! Bakin da ya tofa wa mijinki kike ƙyama?"

"Ba ƙyama ba ce, Mma, tari yake yi. Ku ce ba ni da kunya, na yarda. Ko gidan ubana za a mai da ni, da 'yata zan tafi tana numfashi."

Tsoro kam ta ji shi, amma ba ta matsa ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannayensa. Su suka karɓi Yazeed ranar sunansa, su kuma suka sa shi a kabari. Ya ja da baya har gindin mangwaro, ya ɗaga su, ya yi wa Kausara addu'a da ƙarfi don ɗaki ya ji. Da ya kai inda ya saba tofi, sai ya rufe bakinsa ya haɗiye.