Ranar da Mitri Ya Yabi Janareta

Mitri Sawaya ya yabi kiɗan da ba a saka ba, a gaban fadan cocinsu, wata Lahadi da la'asar. Kuskurensa ke nan, kuma ba a ba shi damar yin na biyu ba.

Shekara arba'in da ɗaya yana kaɗa ogan, babban kayan kiɗan nan mai bututu, a cocin unguwarsu a Ashrafiya. Bututu ɗari bakwai da 'yan kai, ya san kowanne kamar haƙoran bakinsa. Mabuɗin benen da ogan ɗin yake, a wuyansa yake kwana, kuma ɗakin da ke bayan cocin nasa ne muddin mabuɗin yana hannunsa. Abin da bai gaya wa kowa ba, kunnensa ya tafi. Na hagu ya mutu murus tun bara waccan. Na dama kuwa sai ka matso ka ɗaga murya, shi ma yana haɗawa da kallon leɓenka. Kiɗan dai yatsunsa sun haddace. Sauran kuma ƙafa ke gaya masa, domin idan manyan bututun suka yi gurnani katako yakan yi rawa, shi kuma ya gane inda aka kai.

Duk Lahadi bayan abincin rana ana taruwa a falon Nakhle mai kantin magani a saurari faifan ogan. Nakhle ya tara su har bango bai isa ba, ga sifika biyu kamar akwatin gawa. Al'adar zaman ita ce a saka faifai ba tare da an nuna bangonsa ba, sai Mitri ya yanke hukunci. Wanda ya yaba, jama'a su nema su saya. Wanda ya kushe kuwa, sai mai shi ya ɓoye. Kuma shekara ashirin ke nan, na Nakhle yake kushewa.

"Kana da aljihu, Abu Rafik," haka Mitri yakan ce wa Nakhle, "kunne ne Allah bai ba ka ba."

A yi dariya, Nakhle ma ya yi. Amma mai sayar da magani ba ya rasa ido. Ya lura tsohon ya koma zama a gindin sifika, kuma da an saka faifai sai ya zare takalmin dama, wai babban yatsansa na ciwo, ya taka ƙasa da safa.

A wannan Lahadin sai ga baƙo a falon, Abuna Sim'an, sabon fadan da aka kawo. Mawaƙan coci sun riga sun kai masa ƙara cewa Mitri yana shigo musu kafin su sauke numfashi.

"Abuna, yau za ka ga abin mamaki," Nakhle ya ce, yana fuskantar Mitri don ya ga bakinsa. "Ustaz ɗinmu da ya ji faifai zai gaya maka garin da aka yi ogan ɗin."

"Har da abin da makaɗin ya karya kumallo da shi," in ji Mitri. "Me ka sayo mana kuma? Allah ya sa ba irin na wancan makon ba ne, mai kama da tarin akuya."

"Wannan daga Jamus. Na ajiye shi musamman dominka."

Nakhle ya yi ta jan lokaci, yana goge faifan, yana duba agogo. Ƙarfe huɗu aka ɗauke wuta kamar kullum, janaretan da ke ƙarƙashin benen ya tashi, wuta ta dawo. A daidai nan ya ɗora faifan, ya sauke allura, ya rage sautin har ya mutu. Faifai yana juyawa, falo ya yi tsit. Ya ɗora yatsa a leɓe yana kallon sauran.

Mitri ya zare takalmi. Rawar ta zo masa nan take, mai kauri, ta hau ƙafarsa har gwiwa. Ya rufe ido. Ya daɗe bai ji faifan da ya cika ƙasa haka ba. Ya jira ta sauya, ba ta sauya ba, sai ya ce a ransa ai tsoffin Jamusawa haka suke, su danne bututu ɗaya da ƙafa su bar hannuwa su yi ta yawo a sama. Hannuwan ne ba ya ji, kuma wannan ya saba.

Ya buɗe ido, ya ga kowa shi yake kallo. Wadad matar Nakhle tana tsaye da tiren gahawa, tana girgiza masa kai a hankali. Ya ɗauka kiɗan ne ya ratsa ta.

"To, Ustaz?" in ji Nakhle.

"Yau kam ka yi abin kai," Mitri ya ce. "Ku ji bututun can na ƙasa. Tsawonsa ƙafa talatin da biyu ne, ba mu da irinsa a ƙasar nan. Ku ji yadda ya riƙe shi, ko gezau. Iskar ogan ɗin nan ba ta yoyo. Abuna, in za ka sayi faifai ɗaya a rayuwarka, sayi wannan."

"Hannun hagun fa?" in ji Nakhle.

"Ya ɗan yi sauri. Yaro ne, zai koya."

Wani daga cikin mazan ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Nakhle ya tashi, ya ɗage allurar, ya cire faifan, ya riƙe shi a sama kamar mai tallar gurasa. Mitri ya kalli faifan. Ƙasa tana nan tana rawa a ƙarƙashin safarsa.

Nakhle ya sunkuyo daidai kunnensa na dama.

"Ustaz, makaɗin naka yana ƙasa. Man dizal yake sha. In kira maka shi ku gaisa?"

Falo ya fashe da dariya. Mitri bai ji ta ba, bakuna kawai ya gani a buɗe. Ya sunkuya neman takalminsa, wani ya riga ya shure shi ƙarƙashin kujera, sai da ya durƙusa.

"Haram, Nakhle," in ji Wadad. "Sa'an mahaifinka ne."

"Ni da ba ni da kunne? Tambaya kawai na yi."

Abuna Sim'an bai yi dariya ba. Ya shanye gahawarsa, ya raka Mitri har bakin matakala, ya tsaya a gabansa yana magana dalla-dalla kamar mai koya wa jariri.

"Tun yaushe, Ustaz?"

"Hannuna lafiya lau, Abuna. Ka zo gobe ka gani."

"Ba hannunka na tambaya ba."

"Ka bar ni zuwa bikin Ista. Wata biyu ne. Ko da a tsakiyar mako ne, in ba kowa."

Fadan ya miƙo tafin hannunsa, ya bar shi a buɗe. Mitri ya kai hannu wuyansa. Igiyar mabuɗin ta maƙale a kwalar rigarsa, sai da fadan ya taya shi cirewa.

Mako uku aka ba shi ya kwashe kayansa daga ɗakin bayan coci. Ranar da motar kaya ta zo, Nakhle ya aiko masa da faifan nan na Jamus a naɗe cikin takardar kyauta. Yanzu Mitri yana wani ƙauye a saman garin Zahle, a gidan 'yarsa, yana kwana a ɗakin ajiye man zaitun. Cocin ƙauyen ba shi da ogan, da baki suke waƙa.