Idon Mai Walda

Mijin yayar Auta likitan ido ne, kuma yana wani bincike: yana sa mutane a na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, yana auna girman ƙwayar ido da faɗin gurbin da take ciki. Masu lafiyayyen ido yake nema, ba su ishe shi ba, ga lokaci ya ƙure masa. Sai ya tuna da Auta, mai walda, wanda shi likitan ko gaisuwarsa bai cika amsawa ba. Ya kira shi ya zo a auna shi.

Auta ya ji daɗi ƙwarai. Ya rufe shago, ya sa wankakkiyar riga, ya tafi.

A ƙofar ɗakin, ma'aikaciyar na'urar ta karɓi makullansa da bel ɗinsa. Ta ce, "Wane aiki kake yi?"

"Walda."

Ta tsaya. "Ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

"Ya taɓa, a na dama. Amma ya daɗe, ya ma daina ciwo."

Ta juya ga Likita. "Yallaɓai, maganaɗisun nan yana jan ƙarfe. A fara yi masa hoton ƙashi a duba."

Likita ya kalli agogo. "Ni ne likitan ido ko ke? Hawaye ya wanke shi tuntuni. Kai, kwanta."

Auta ya kwanta, har yana murmushi. Gadon ya zame da shi cikin ramin na'urar mai sanyi. Kafin kansa ya gama shiga ya ji kamar an soka masa allura mai zafi daga cikin ido. Wani haske ya gilma, sai ja, sai duhu. Ya ƙwalla ihu.

Da aka jawo shi, Likita ya buɗe idon da yatsu biyu, ya haska, ya ga jini ya cika shi. Ya ɗaga murya yadda na waje za su ji: "Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

Auta ya nemi ma'aikaciyar da idon da ya rage. Ta sunkuyar da kai tana gyara zanin gado.

An yi masa aiki, ido bai dawo ba. Yayarsa ta zo asibiti, ta zauna nesa da gadon, jaka a cinya.

"Yaya, wallahi na faɗa masa."

"Rufe min baki. So kake a kore shi, yarana su tagayyara saboda ido ɗaya? Ai kana da wani. In Inna ta tambaya, a shago ya same ka."

Da yamma Inna ta iso, ta tambaya. Ya ce a shago ne.

Ta yi masa faɗa sosai kan ƙin sa gilashin walda. Sannan ta kama hannunsa, ta ce ya tashi ya gode wa Likita, wanda ya bar aikinsa ya tsaya a kansa.

Auta ya sauko daga gadon yana laluben bango, ya durƙusa.