Allon Kafaɗar Bunsurun Manaja

Tun zamanin kakanni rukuni uku mazan garinmu suke shiga ramin darma, kowa ya yi awa takwas ya fito ya ba wani wuri. Sai aka kawo mana sabon manaja daga birni, Si Bubker, mai tumbi kamar tulun man zaitun, ya ce uku sun yi yawa. Ya sallami rukuni guda, sauran ya mayar da su awa goma sha biyu, ya ɗan ɗora musu wani abu a kan albashi. Mazan suka yi ta washe baki. Namiji dai, nuna masa dirhami ya manta yana da ƙashin baya.

Ba a jima ba taragon kwasar dutse ya taka ƙafar Haddu, mijin maƙwabciyata Yamna. Sai dutse ya faɗo wa abokin aikinsa Assu a gadon baya, wai ya manta bai ƙwanƙwasa rufin ramin ba kafin ya kutsa. Mu da muke zaman gidan wanka muna cuɗa bayan juna, tuni mun lura ba wanda ke jin ciwo da farkon shigarsa. Sai can wajen tashi, lokacin da ido ke buɗe amma mai shi ya yi nisa.

Ni dai damuwata Addi, autana, shi kaɗai ya rage mini a gari, kuma shi ke riƙe injin huda dutse. Wata Juma'a na zuba masa kuskus, ya dunƙula loma, barci ya kwashe shi da ita a hannu. Na zungure shi.

"A ƙasa ma haka kake yi?"

"Inna, ƙyale ni. Jiya ma ƙiftawa kawai na yi, na farka na tarar da injin yana rawa shi kaɗai."

Yana faɗa yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

'Yan ƙungiyar ma'aikata suka je wa manaja da magana, ya ba su shayi, ya ce hatsari ƙaddara ne. Da gunaguni ya yi yawa, sai ya tara jama'a ya ce ya bincika wajen dattawa, masu ƙasa ne, wato aljanun ramin, suka yi fushi, an daɗe ba a zubar musu da jini ba. Mutumin da ko sunan unguwarmu bai iya faɗa daidai ba, shi ne ya san cikin aljanunmu. Ya sayo baƙin bunsuru. Ai ya fi dawo da rukuni guda araha.

Aka yanka a bakin rami. Liman ya kau da kai yana kallon duwatsu don kada a ce ya gani, amma bai bar wajen ba, yana jiran hanta. A garinmu kuwa duk dabbar da aka yanka don wata bukata, sai an kankare allon kafaɗarta an ɗaga a rana a ga saƙon da ta zo da shi. Gwaggona ce mai dubawa, da ta rasu aka ce ni na gada. Abin da na saba gani bai wuce wadda za ta haihu da wadda za ta yi yaji ba, wanda duk mai zuwa gidan wanka ta riga ta sani.

Aka miƙo mini ƙashin. Na juya shi, na yi tsaki, na sake juyawa.

"Inna Tuda, me kika gani?" in ji manaja, yana murmushi.

"Sun karɓa, ranka ya daɗe. Sun ce tsoho ne, naman da tauri, amma sun karɓa."

Aka yi dariya, har da shi.

"Sai dai akwai saƙo. Sun ce su ne masu gida, mazanmu baƙi ne. Awa takwas suka yi alkawari da kakanninmu. Yanzu baƙo ya zo ya ƙi tafiya, matansu ba sa samun sukunin wanka, yaransu ba sa barci don ƙarar inji. Duk wanda ya wuce lokacinsa, da dutse za su raka shi."

Murmushin ya tsaya masa a rabin baki. "Aljanu har agogo gare su?"

"Kai ka fi ni saninsu, ɗana. Kai ka gaya mana sun yi fushi."

Haddu ya ɗaga sandarsa daga inda yake zaune. "Wallahi ni ma sai da na ji kamar turo taragon nan aka yi."

Yamna ta raɗa mini, "Ƙarya yake, gyangyaɗi yake yi, da bakinsa ya gaya mini." Na taka mata ɗan yatsa ta yi shiru.

Manaja ya juya wajen liman. "Malam, gaya musu camfi ne."

Liman ya haɗiye hantar da ke bakinsa a hankali. "Aljanu dai akwai su, wannan ba musu. Lokutan aikinsu ne ban tarar a karatuna ba."

Washegari awa takwas na cika, aka ji ƙararrawar kejin da ke hauro da ma'aikata daga rami. Duk rukunin suka hauro, fuska baƙi ƙirin, Addi a tsakiyarsu. Manaja ya yi ta kumfar baki, ya ce zai yanke ƙarin albashi. Suka ce ya yanke, in kuma yana so ya sauka da kansa ya yi wa masu ƙasa bayani, ga fitila. Bai karɓa ba. Ya aiko a gaya mini zai yanka bijimi. Na ce madalla, amma shi ma ni zan duba, kuma kafaɗar bijimi ta fi faɗi, ta fi ɗaukar magana.

Kafin sanyi ya shigo ya aika aka kira waɗanda ya sallama.

Yanzu Addi da rana tsaka yake dawowa, da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, har da ƙarfin yi wa matarsa faɗa a kan gishiri. Ƙarin albashin nan ne kawai ke ci masa rai. Rannan ya same ni ina gasa burodi, ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Inna, ba za ki roƙar mana su ba? Ko awa biyu su ƙara."

"Na roƙa," na ce. "Babbarsu tsohuwa ce, ɗa ɗaya ya rage mata. Ba ta ko saurare ni ba."